Shafin da Ba Mu Buga Ba

Duk shekara akan turo mana ɗalibai su yi 'yan watanni suna koyon aiki a maɗaba'armu da ke Sharaɗa. Da sun shigo, wasu su nufi ɗakin kwamfuta saboda sanyi, wasu su nufi wajen babban inji saboda ƙara. Ban taɓa ganin wanda ya nemi a ajiye shi a teburina ba. Teburin yana lungu, kusa da taga, ba komai a kai sai jan biro, da fensir, da rula ta ƙarfe, da madubin ƙara girma, da tarin takardu. Aikina duba rubutu ne kafin a buga. Bara wata ɗaliba ta tsaya ta kalle ni na ɗan lokaci, sannan ta ce, cikin ladabi dai, "Baba, ai yanzu kwamfuta ce take ja wa kuskure layi." Na ce mata haka ne. Ban ƙara komai ba, don ina tsakiyar shafi a lokacin. Abin da ban gaya mata ba shi zan rubuta a nan, don ita da ire-irenta.

Aikin farko da aka ba ni na duba ni kaɗai jadawalin lissafi ne, irin wanda ake bugawa a bayan littafin rubutu na 'yan firamare. A lokacin maɗaba'ar tana Bompai, a wani tsohon sito, kuma da haruffan dalma ake aiki, ana tsinto su ɗaya bayan ɗaya daga aljihun katako ana jerawa. Wanda ya koya mini aiki sunansa Malam Ilu, mutumin Ringim ne, doguwar riga ɗaya da hula ɗaya na san shi da su. Na karanta jadawalin sau uku na kai masa na ce babu kuskure. Ya duba bai fi minti ɗaya ba, ya ɗora yatsa a wani layi ya ce na karanta da ƙarfi.

Na ce, "Bakwai sau takwas, hamsin da shida."

Ya ce, "Sake."

Na sake, na faɗi hamsin da shida. Sai da ya rufe sauran layin da rula ya bar lambar ita kaɗai, sannan na ga hamsin da huɗu ce a wurin.

Ya ce, "Ba idonka ne ya karanta ba, haddarka ce."

Tun daga ranar ya hana ni karatu yadda mutane suke yi. Rula a ƙarƙashin layi, ba ka ganin na gaba sai ka gama da wannan. Idan ka kai ƙarshen shafi, sai ka sake farowa daga ƙasa ka yo sama, don ma'anar maganar ta rabu da kai, ka ga kalmomin yadda suke. Haruffan dalma a juye suke, saboda haka b da d suna yawan musanya wuri, kuma masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, 'yan kaɗan ne a aljihun. Idan sun ƙare a tsakiyar aiki, mai jeri yakan saka na kusa da su ya yi shiru, ya ce ai mai karatu zai gane. Malam Ilu ba ya barin ko ɗaya ya wuce. Yakan ce ɗan aji biyu da yake koyon karatu ba zai gane ba, abin da ya gani shi zai ɗauka.

Wani aiki da na riƙe a raina littafin zamantakewa ne na firamare, wanda wani tsohon hedimasta ya rubuta. An riga an cire Jigawa daga Kano a lokacin, amma a shafin garuruwa ya jera Haɗejiya da Gumel a cikin jihar Kano. Rubutun daidai yake, ba harafin da ya kauce. Na ɗauki jan biro zan gyara, Malam Ilu ya riƙe mini hannu. Ya ce jan biro na kuskuren maɗaba'a ne, wanda mu muka yi, mu za mu gyara. Abin da kake shakka a maganar marubuci kuwa, fensir ake sa masa, a gefe, a rubuta tambaya. Ba ka gyara wa mutum maganarsa, tambayarsa kake yi daga ina ya samo ta. Na rubuta tambayar. Hedimasta ya zo ya gani, ya yi fushi, ya ce shi da ya shekara talatin yana koyarwa ba za a koya masa taswira a sito ba. Bayan kwana biyu ya dawo da tsohon littafin da ya kwafo jerin daga ciki, ya ajiye a tebur, ya gyara da hannunsa, ya fita.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai mai son a gama jiya. Akwai mai kawo rubutun hannu da ba ya iya karantawa shi kansa. Akwai wanda idan ka sa masa tambaya ɗaya da fensir zai ɗauke aikinsa ya kai wata maɗaba'ar, inda ba a tambaya. Marubutan littattafan makaranta su suka fi kowa wahalar sha'ani, kuma su ya fi kamata a takura wa, don kati ko fasta kwana kaɗan suke yi a yar da su, littafin aji kuwa yaya ya gama ya ba ƙane, ƙane ya ba ɗan maƙwabta, kuskuren yana biye da shi har bango ya cire.

Malam Ilu ya rasu kafin mu koma Sharaɗa. Mai maɗaba'ar, Alhaji Bala, ya sayo injin zamani mai aiki da faranti, wato wani faffaɗan ƙarfe marar kauri da ake ɗora hoton shafuka a kai, shi ne yake ɗaukar tawada ya sauke a takarda. Haruffan dalma aka sayar wa masu narka ƙarfe. Aka ɗauki masu buga kwamfuta, aka ɗauki wani mai kula da injin, Garba, mutumin Maraɗi, wanda ya fara da share ɗakin inji har ya zama ba wanda ya san ƙarar injin kamar shi. Aikina bai canja ba. Kwamfuta tana kama kalmar da babu ita, amma ba ta san bambancin kafa da ƙafa ba idan duka biyun sun yi mata kama da kalma, ba ta kuma san wace jiha gari yake ba.

Littafin da nake son ba ku labarinsa wata malamar Hausa ce ta kawo shi, Malama Rakiya, tana koyarwa a wata sakandaren 'yan mata wajen Na'ibawa. Littafin karatu ne na ƙaramar sakandare, da labarai da waƙoƙi da tambayoyi kamar kowane. Babi na shida ne daban. Ta sa masa suna "Wa Ya Faɗa?" A ciki tana koya wa yara abin da za su yi idan labari ya iso su, ta waya ko ta rediyo ko ta bakin mutum: su tambayi wa ya faɗa, yaushe, shi ya gani ko gaya masa aka yi, akwai wani da ya tabbatar. Ta sa aikin aji inda malami zai raɗa wa ɗaliba ɗaya magana, ta bi layi har ƙarshen aji, a ji yadda ta koma. Ta ce mini abin da ya sa ta rubuta shi ne wata rana rabin ajinta ba su zo ba, saboda wani saƙon murya da ya zaga unguwa cewa za a yi wa 'yan makaranta wata allura, alhali ba wanda ya shirya yin allurar komai.

A cikin babin ta sa hotuna biyu, ɗaya na gaskiya ɗaya na haɗi, don yara su bambance. Na gaskiyar an rubuta a ƙarƙashinsa cewa ambaliya ce a bakin kogin Challawa. Ni a Panshekara nake zaune, na san bakin kogin nan tun ina zuwa da ƙafa. Na ɗora madubi a kan hoton. A can bayan gidajen akwai bishiyoyin kwakwa a jere. Na sa fensir na rubuta a gefe: "Malama, wa ya ɗauki wannan hoton?"

Ta zo ranar Asabar ta ga tambayar. Ta ce, "Baba Sabo, a cikin zauren malamai na waya aka turo shi lokacin damina, kowa ya gani."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni dai ban san inda kwakwa take fitowa a Challawa ba."

Ta karɓi madubin ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Ni ma ban tambaya ba. A babin nan kuma."

Ba ta nemi a rufa mata asiri ba. Ta hau adaidaita ta je bakin kogin da kanta, ta ɗauko sabon hoto, ta rubuta rana da wuri a ƙarƙashinsa. Tsohon hoton kuma ba ta yar ba, ta mayar da shi tambaya ta uku: an ce wannan Challawa ce, me kuka gani a ciki da zai sa ku yi shakka? A duk shekaruna a wannan aiki ita ce marubuciya ta farko da ta gode mini a kan fensir.

Na duba littafin sau uku, na sa hannu a kwafin gwaji na ƙarshe, ita ma ta sa. Garba ya buga. Makarantu masu zaman kansu da yawa suka saka shi a jerin littattafansu, daga Zawaciki har cikin gari, kuma Alhaji Bala ya sa aka sake bugu mai yawa kafin sabon zango, har sitonmu ya cika zuwa rufi.

Mako na uku da komawa makaranta, Garba ya zo teburina da wayarsa a hannu. Ba ya barin inji yana aiki ya taho, saboda haka na ajiye biro. Ya ce, "Malam, duba abin da matata ta turo min."

Hoton shafi na hamsin da biyu ne na littafin Malama Rakiya. Kan babin yana nan, zanen yarinya mai riƙe da waya yana nan, lambar shafi tana nan. An zagaye sakin layi na biyu da ja. A littafinmu ga abin da yake wurin: "Kada ka ɗauki duk labarin da aka turo maka a waya a matsayin gaskiya. Tambayi wanda ya turo: daga ina ka samo? Idan ya ƙi faɗa, ko ya ce bai sani ba, to ka riƙe labarin a wurinka, kar ka ƙara gaba da shi." A hoton wayar kuwa cewa aka yi: "Kada ka dauki duk maganar da iyayenka ko malamanka suka gaya maka a matsayin gaskiya. Tambaye su: daga ina kuka samo? Idan sun ki fada, to ka rike ra'ayinka, kar ka kara sauraronsu." A ƙasa an haɗa da saƙon murya, wani mutum yana cewa ga abin da ake koya wa 'ya'yanmu, duk mai kishin tarbiyya ya tura gaba.

Ban buƙaci madubi ba. Duk shafin haruffa masu lanƙwasa suna nan daram, sai a layukan nan kaɗai suka ɓace. Haruffan sun fi na sama da na ƙasa kauri kaɗan, kuma layin ƙarshe bai tsaya inda sauran suke tsayawa ba. Wani ne ya ɗauki hoton shafinmu, ya shafe sakin layin, ya buga nasa a kai. Wannan abu ne da duk wanda ya yi wata shida a teburina zai gani. Amma mutanen gari ba su yi wata shida a teburina ba, kuma a waya ba wanda yake rubuta lanƙwasa, saboda haka rashinta bai dami idon kowa ba.

Har yau ban san wanda ya yi ba. An kira mini sunaye. Wasu sun ce wani mai littafi ne da aka cire nasa aka sa namu, wasu sun ce wani ma'aikaci ne da aka sallama. Ba wanda ya kawo mini abin da zan ɗora yatsa a kai, saboda haka ba zan maimaita ba.

Cikin kwana huɗu katan-katan suka fara dawowa. Wani mai makaranta ya zo da motarsa, ya sauke a bakin ƙofa, ya ce shi ya buɗe littafin ya ga ba haka yake ba, amma iyaye sun ce ko littafin ko 'ya'yansu, shi kuma ba zai iya bin gida-gida yana buɗe shafi ba. Malama Rakiya aka ce ta ɗan zauna a gida sai ƙura ta lafa. Wata rana da hantsi wasu matasa suka taru a bakin get ɗinmu suna ɗaga murya, sai da limamin masallacin ma'aikata na layinmu ya fito ya karɓi kwafi ɗaya ya karanta musu shafin a tsaye, sannan suka watse suna gunaguni. Alhaji Bala ya sa aka yi sanarwa a rediyo. Washegari na ji wani a cikin mota yana cewa in babu komai me ya sa suke sanarwa.

Makaranta ɗaya ce ta kira taro kafin ta yanke hukunci, wata ta al'umma a unguwarmu, Panshekara. Shugabanta ya nemi marubuciya ta zo, a kuma turo wani daga maɗaba'a. Alhaji ya ce ni zan je. Na ɗauki kwafin gwaji mai sa hannu, na kuma ce Garba ya ciro mini farantin da aka buga shafin da shi. Na naɗe shi a buhu, na riƙe shi a tsaye a cikin adaidaita, yana ta kaɗawa yana ƙara har muka isa.

Ranar Asabar ce da safe. An cika aji biyu da aka cire allon da ya raba su, maza a gaba, mata a baya. Yawancinsu ma'aikatan kamfanoni ne na Challawa, wasu ma daga aiki suka wuto da takalman roba a ƙafa. Wanda ya fara magana wani ne Malam Haruna, yana aiki a kamfanin jimar fata, 'ya'yansa uku a makarantar. Bai yi zagi ba. Ya karanta abin da ke wayarsa a hankali, sannan ya ce shi bai yi boko mai zurfi ba, guminsa yake ba wa makaranta don a gyara masa yara, ba don a koya musu su tuhumi uwarsu ba. Aka yi ta kabbara.

Malama Rakiya ta miƙe. Ta gaishe su, ta ce, "Iyayena, in da abin da Malam ya karanta yana cikin littafin nan, ni ma da na cire 'yata. Tambaya ɗaya zan yi. Wa ya buɗe littafin ya duba shafi na hamsin da biyu?"

Ba wanda ya ɗaga hannu. Wata daga baya ta ce ai tun ranar Litinin aka karɓe littattafan daga hannun yara. Shugaban makaranta ya ce suna ofishinsa. Aka shigo da katan biyu, aka yanke igiya, aka bi layi ana miƙa wa kowa. Na ɗan lokaci ba a jin komai sai ƙarar takarda. Waɗanda ba sa karatun boko suka matsa kusa da masu yi.

Wani dattijo ya ce, "To ai wannan magana ce mai kyau."

Wani kuma daga gefe ya ce, "Wa ya sani ko iri biyu suka buga? Ɗaya na nunawa, ɗaya na koyarwa."

A nan aka ce na yi bayani. Ni ba mai magana a taro ba ne. Na kwance buhu na jingina farantin a jikin allo, na ce wannan ƙarfen shi ne ya buga kowane kwafi, ba shi da na biyu, kuma abin da aka ɗora masa ba ya goguwa a sake wani. Na ce Malam Haruna ya zo da wayarsa. Na nuna masa kalmar ɗauki a faranti, na ce ya dubi kan harafin farko. Ya ce yana da ɗan ƙugiya. Na ce ya dubi na wayarsa. Ya faɗaɗa hoton da yatsu biyu, ya ce babu. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce ya dubi layin sama da na ƙasa a cikin hoton nasa, waɗanda ba a taɓa ba. Ya ce waɗannan suna da ita.

Ya tsaya yana kallon wayar. Malama ta ce, "Malam, wa ya turo maka?"

Ya ce, "Mijin ƙanwata."

"Shi daga ina ya samo?"

Malam Haruna ya kira shi nan take, ya buɗe murya kowa yana ji. Bayan gaisuwa ya tambaye shi. Mutumin ya ce a zauren 'yan unguwarsu na waya aka saka. Wa ya saka? Wani ne, lambar dai ba shi da sunanta. Shi ya ga littafin? A'a, shi 'ya'yansa ma ba su kai sakandare ba.

Malam Haruna ya kashe wayar. Ya ce, "Ni mutum goma sha na tura wa." Ya juya wajen Malama ya ce, "Ki yafe ni." Ta ce ba komai. Ya ɗauki hoton shafin na gaskiya, ya ce zai bi su duka ya tura musu.

Makarantar ta ci gaba da littafin. Ita kaɗai ce a iya sanina. Na tambayi Malam Haruna bayan mako biyu, da muka haɗu a bakin masallaci, ko ya tura gyaran. Ya ce ya tura, mutum biyu ne suka amsa, ɗaya ya ce Allah ya kyauta, ɗayan ya ce an saye shi.

Yanka littattafan shi ne aikin da ya fi daɗewa a wannan shekarar. Alhaji ya jira zango guda, ba wanda ya dawo, ga sito a cike ba wurin ajiye takardar sabon aiki, ga shi yana tsoron kar wani ya sake ɗaga maganar a zo a cinna wa ginin wuta. Ya ce a yanka. Ana jera su ashirin-ashirin a ƙarƙashin wuƙar injin yanka takarda, a datse gindin, a raba bango da ciki, masu yin kwalin ƙwai su zo su kwashe. An yi kusan mako biyu ana yi. Aikin littattafan makaranta ya tsaya mana cak, har waɗanda ba su da alaƙa da wannan, don masu makarantu ba sa son ganin sunan maɗaba'armu a bango. Muka koma buga rasit da kalanda da takardar naɗe sabulu. An sallami masu ɗinki da masu naɗi fiye da rabi. Garba ya tafi gida ya yi noma damina guda. Ni an bar ni ina zuwa kwana uku a mako, don takardar sabulu ba ta da yawan abin dubawa.

Bayan shekara biyu Malama Rakiya ta dawo da jaka a hannu. Ta koma aiki tuni, kuma wasu makarantu sun fara tambayar littafin a hankali, ta bakin malaman da suka ga yadda ake amfani da shi a Panshekara. Ta ce tana son bugu na biyu, da ƙarin shafi ɗaya a babi na shida. A hagu shafinmu na gaskiya, a dama hoton da ya zaga gari, a ƙasa tambaya: ɗaya daga cikin waɗannan an taɓa shi, wanne ne, kuma yaya kuka gane?

Alhaji Bala ya ce sam. Ya ce, "Malama, abin da ya kusa rufe mini kamfani shi zan buga da injina? Gobe wani ya ɗauki hoton ɓangaren dama kaɗai, ya ce ga shi sun amsa da kansu."

Ta ce, "Gaskiya ne, Alhaji. To a buga masa babban rubutu a gicciye, daga kusurwa zuwa kusurwa, yadda ba za a iya ɗaukarsa ba tare da shi ba."

Ya juyo ya tambaye ni ko hakan zai yiwu. Na ce zai yiwu, da tawada mai haske wadda ba za ta rufe rubutun ƙasa ba. Ya yi kwana uku yana tunani, ya kai wa limamin layinmu ya gani, sannan ya yarda. Aka rubuta "Wannan na jabu ne" a gicciye.

Hoton wayar da aka gwada bugawa ya fito dishi-dishi, don ya bi hannaye da yawa, yara ba za su iya ganin haruffan ba. Aka yanke a sake buga sakin layin a ƙarƙashinsa da manyan haruffa, daidai yadda mai jabun ya rubuta. Mai buga kwamfutar da aka ba aikin ƙwararriya ce, ni na horar da idonta, saboda haka da kwafin gwaji ya iso teburina sai na tarar ta mayar wa kowane harafi lanƙwasarsa. Na ɗauki jan biro na bi su ina cirewa, na rubuta a gefe cewa a bar su yadda mai su ya yi su. Ta gyara, na sake dubawa daga ƙasa zuwa sama, na sa hannu.

Ranar bugu ina zaune na ji injin ya tashi, bai yi minti biyu ba ya tsaya. Garba, wanda ya dawo aiki kafin nan, ya taho da takarda a hannu, tawada ba ta bushe ba.

Ya ce, "Malam, kuskure ya wuce ka. A shafin nan na dama."

Na ce, "Nawa ka gani?"

Ya ce, "Huɗu."

Na ce, "Biyar ne. Sake dubawa."

Ya shimfiɗa takardar a teburina, ya bi layin da ɗan yatsa a hankali, bakinsa yana motsi. Ya tsaya a kan ƙaramar kalmar nan, ki. Ya ɗago ya dubi tambayar da ke ƙasan shafin, ya karanta ta har ƙarshe. Sannan ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce wannan ta 'yarsa ce, ya koma ya tayar da inji.